Lambobin Likitan Jirgin Jamus

Ina zaune a bakin shago ina wanke wata tsohuwar lambar azurfa a ruwan sabulu, sai wayata ta yi ƙara. Bayan la'asar ne, Balad, tsohon garin Jidda, ta fara tashi daga barcin rana. Batula ce, matar Usman, abokin aikina. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Malam Sabo, abokinka ya cika." Na yi salati. Na tsame lambar na goge ta da auduga har ta bushe, domin azurfa ba ta son a bar ta a jiƙe, sannan na ja ƙofa na tari tasi zuwa unguwarsu, Aziziyya.

Tun daga ranar samarin unguwa ke zuwa suna cewa in ɗauki ɗaya daga cikinsu ya zauna a kujerarsa. A ganinsu aikin ba wuya: ka ɗauki hoton lamba da waya, waya ta gaya maka ta wace ƙasa ce, ka faɗi kuɗi, halas. Saboda su nake rubuta wannan.

Sana'armu ita ce tsofaffin lambobin yabo, irin waɗanda sarakuna da gwamnatoci ke liƙa wa sojoji a ƙirji. Muna tsabtace su, muna gyara ƙyallen da suke rataye a jiki, muna kuma bin sawun mai su, a san wane ne shi, ina ya yi aiki, me ya yi aka ba shi. Aikin rabi biyu ne, hannu da karatu. Ni ne hannu. Gidanmu a Kano dukawa ne, da basilla na tashi. Umra ta kawo ni, zama ya kama ni, daga baya wani dattijo Balarabe, Bahadrame, mai sayar da kayan da, Ammi Salim, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar zama. Na daɗe a shagonsa ban taɓa lamba ba, sai shara da kallo. Ranar da ya fara koya mini, wani mutum ne ya kawo lambar kakansa ya goge ta da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido. Ammi Salim ya miƙa mini gilashin ƙara girma ya ce in karanta masa rubutun da ke baki. Babu rubutu, gugar ta cinye shi. Ya ce wannan mutum ya share kakansa da hannunsa. Daga nan na san cewa baƙin da ke jikin ƙarfe ba datti ba ne, kuma babban abin da ake koyo shi ne inda za a tsaya.

Kayan aikina ba su da yawa. Gilashin nan, ƙaramin sikeli, burushi mai laushi, sabulu marar ƙamshi, tsinken sakace na fitar da ƙasa daga lungun rubutu, auduga, aska, basilla, da allurai. Sikeli ne ke tona jabu, domin mai ƙera jabu yana iya kwaikwayon zane amma nauyi yakan kuɓuce masa. Masu zuwa wurinmu kuwa iri uku ne: masu tara kayan tarihi, ma'aikatan jiragen ruwa da ke son tsaraba, da magada da suka buɗe akwatin mamaci suka ga abin da ba su gane ba. Na ƙarshen nan su ne masu wuyar sha'ani, domin ba farashi suke tambaya ba.

Usman shi ne karatu. Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno. Ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa tare da wasu Jamusawa, ya kama harshensu, daga baya ya koyi har tsohon rubutunsu mai kama da ƙaya, wanda ya ce 'ya'yansu ma na yanzu da ƙyar suke karantawa. Da Ammi Salim ya rasu, 'ya'yansa suka bar mu mu ci gaba da shagon. Shi yana ce mini Baduku, ni ina ce masa Bajamushe. Idan na kawo masa lamba in ce ta yi mini kama da ta Turawan Ingila, sai ya ce, "Baduku, kai dai ɗinka. Karatu ba fata ba ne."

Aikin da nake son in ba ku labari, wata tsohuwa ce ta kawo shi, Hajiya Sa'adiyya daga unguwar Ammariyya. A Jidda aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. Ta zo da azahar, lokacin da kasuwa ba kowa, ta zauna ta kwance bakin mayafinta ta ajiye wata laya a kan teburi. Tun tana jaririya take wuyanta, gadon mahaifinta ce. Fatar ta tsufa ta tsage da kanta, ta hango ƙarfe a ciki maimakon takarda. Ta ce in ƙarasa buɗewa, ita hannunta ya ƙi.

Laya ba a yanka ta. Ta baya ake bi, a ɗaga ɗinkin da basilla ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin na dukawanmu ne, mai kyau, hannun wanda ya iya. Da na buɗe sai ga lamba naɗe a cikin ƙyallenta, launin ƙyallen bai dushe ba ko kaɗan tunda bai ga rana ba. A tsakiyar lambar akwai jan gicciye. A daidai nan wani wari ya cika shagon, warin maganin da ake wanke asibiti da shi a da. Na duba kwanon sabuluna. Usman ya leƙa waje ko wani ne ke wanke ƙofar shagonsa. Ba kowa a layin.

Hajiya ta daɗe tana kallon gicciyen. Ta ce, "Ya Sattar. Duk sallolin da na yi, da wannan a wuyana." Usman ya ce mata ba alamar addini ake nufi da shi ba, alamar masu jinya ce, irin wadda ake ba likita. Da ta ji kalmar likita sai ta dafe teburin.

Ga abin da ta gaya mana. Kakanta Tanko ya zo hajji da ƙafa ta Sudan, a zamanin da Turkawa ke riƙe da Jidda, ya zauna yana ga-ruwa. Wata shekara amai da gudawa suka shiga gari. Wani jirgin yaƙin Jamus yana tsaye a bakin teku, likitansa ya sauko yana duba mutane, Tanko na binsa da salkar ruwa. Cutar ta kama Tanko, likitan ya tsaya a kansa har ya tashi. Daga baya shi ma likitan ya kwanta. Da za a ɗauke shi, ya cire lambobinsa ya damƙa wa Tanko, ya nuna masa da hannu cewa ya riƙe, zai dawo. Ba wanda ya san ko jirgi aka kai shi ko maƙabartar Nasara. Sunansa ma ba su sani ba, Hakim kawai suke ce masa, wato likita. Tanko har ya rasu yana cewa kayan Hakim amana ne, amma bayan jana'iza aka bincika akwatinsa ba a ga komai ba. Sai yanzu Hajiya ta gane. Matar Tanko ce ta raba lambobin, ta kai wa baduku ya ɗinke su, ta rataya wa 'ya'yanta shida saboda zazzaɓi. Kowa ya ɗauka ayoyi ne a ciki, kuma a wurinmu ba a buɗe laya. Haka suka bi gado, daga wuya zuwa wuya.

Ta ƙara da wani abu, murya ƙasa-ƙasa. A gidansu, idan zazzaɓin yaro ya yi tsanani aka ji wannan warin a ɗaki, matan sukan ce Hakim ya shigo, su gyara mayafi su matsa daga bakin gado.

Sannan ta ce, "Ya waladi, na kusa. Ba na son in tarar da Kaka Tanko da kayan mutane a wuyana. Ku nemo mini sunansa, da danginsa in yana da su."

Masu cewa waya za ta yi aikin, ku saurara a nan. Jamusawa ba su cika rubuta sunan mutum a jikin lamba ba. Irin wannan mai jan gicciye an ba mutane da yawa. Abin da ake da shi, rundunar ruwansu takan buga littafi duk shekara mai sunayen hafsoshi, a gefen kowane suna akwai ƙananan alamu na lambobin da yake da su. Lamba ɗaya ba ta nuna kowa. Biyu sukan rage taron. Sai an tara su duka sannan mutum ɗaya ya rage a tsaye. Usman ya samo hotunan shafukan littattafan nan, yana bin likitoci kaɗai, shekara bayan shekara, yana ganin mutum ya shiga aiki yana saurayi, an ƙara masa girma, an sauya masa jirgi, alamu na ƙaruwa a gefen sunansa. Ya ce kamar ka zauna a ƙofar gida ne kana kallon maƙwabci yana tsufa. Aikina ni shi ne in samo sauran layun biyar in buɗe.

Sai muka faɗa muguwar shekara, shekarar rusau. Unguwannin da yawancin jikokin Tanko ke zaune aka tashe su. Wasu suka koma bayan gari, wasu Makka, wata ta tafi Nijar da 'ya'yanta. Kasuwarmu ma ta faɗi, domin kowa na fitar da tsofaffin kaya daga gidajen da za a rushe, abin da ake nema da fitila a da ya zama ana zubarwa a bakin titi. Mukan rufe shago mu shiga tasi mu je inda aka ce wane ya koma, mu tarar da fili. Wata laya a cikin buhun tukwane muka same ta. Wata sai da wani mai zuwa Umra ya kawo ta daga Damagaram.

Akwai wani jikan, Abdurrahman, mai tsananin riƙo da addini. Da ya ji abin da ke cikin ta Hajiya, ya ciro tasa daga wuyan ɗansa ya ce teku zai jefa ta. Usman bai yi masa gardamar addini ba. Ya ce, "Ya akhi, jefa abinka a teku, ba mai hana ka. Amma wannan naka ne?" Mutumin ya ajiye ta a hannuna, ya shige gida bai yi mana sallama ba.

Duk layar da na buɗe, ɗinkin hannu ɗaya ne, kuma warin nan sai ya tashi. Na gaya wa kaina cewa ƙyallen ne ya riƙe shi, fata kuma ta kulle shi tsawon zamani. Wannan bayani ne mai kyau, har yanzu shi nake bayarwa. Abin da ba ni da bayaninsa shi ne, ranar da na buɗe ta huɗu, da azahar, ina sunkuye a kan teburi, na ji an tsaya a bayana ana kallon hannuna, yadda Ammi Salim yakan tsaya. Na ce, "Bajamushe, matsa, ka tare mini haske." Usman ya amsa daga can bakin ƙofa, inda yake shan shayi.

Haka kuma duk wanda ya ba da layarsa sai ya kwanta da zazzaɓi bayan 'yan kwanaki. Ba wanda ya mutu. Jidda gari ne mai sauro, kuma mutanen da aka tasa daga gidajensu dama ba sa rasa ciwo. Amma labarin ya zaga dangi, ya isa kunnen mai laya ta shida, Ammi Bakur, ɗan autar Tanko, tsoho ne da ke sayar da tasbaha kusa da mu a Balad. Ya ce shi ba mai taɓa masa wuya. Hajiya ta aika masa, ta je da kanta, ya ce idan ya mutu mai wanka ya cire ya kawo mana.

Da lambobi biyar a hannu, mutum biyu suka rage wa Usman. Dukansu likitocin jirgi ne, dukansu sun bi ta wannan teku a wancan zamani, dukansu suna da biyar ɗin nan. A ta shida suka rabu: ɗaya tauraro ne da Turkawa suka ba shi, ɗaya kuma zagayayyiyar lamba ce ta wani yaƙi a Afirka. Mai tauraron ya koma gida ya tsufa. Na biyun sunansa ya ɓace daga littafin, ba a faɗi dalili ba. Na ce ai na biyun ne, a fili take. Usman ya ce a'a, mutum yakan bar aiki sunansa ya fita yana da ransa, kuma wanda ya yar da lambobinsa yakan sayi wasu. Ya ce idan ya miƙa wa dangin wani kayan wani, an ci amanar sau biyu. Ba zan rubuta sunayen a nan ba, domin ɗaya daga cikinsu ba ruwansa da wannan magana.

A cikin wannan jira Usman ya kwanta. Ciwon zuciya ne, ya daɗe da shi, ba zazzaɓi ba. Na je duba shi a asibiti da rana, na tarar da shi a jingine, fuskarsa a sake. Batula ta fita alwala. Ya ce in matso.

"Baduku, ɗazu wani likita ya zo. Bature, dogo, farar riga mai maɓallan tagulla. Ya kama hannuna yana kallon agogon aljihu. Da Jamusanci ya yi mini magana, irin na littafi."

Na ce me ya ce.

"Ya ce ina kayansa. Na ce suna wurin Baduku."

Na ce, "Allah ya isa, Bajamushe. Ka tura mini shi, ka kuma kasa tambayar sunansa?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Likita ne ke tambaya, ba majinyaci ba."

Da zan fita na tambayi ma'aikaciyar jinya ko suna da likita Bature a wannan sashe. Ta ce babu. Magungunan zuciya sukan sa mutum ya ga abubuwa, haka ta ce, ni ma haka na ɗauka. Aka sallami Usman ya koma gida, ba a daɗe ba Batula ta yi mini kiran nan.

Bayan an share makoki na buɗe shago. Da azahar sai ga Ammi Bakur ya shigo yana dogara sanda. Ya yi mini ta'aziyya, ya zauna a kujerar Usman, ya sunkuyar da kai ya zare igiyar daga wuyansa. Ya ce mutumin kirki ya mutu yana jiransa, ba zai bari Sa'adiyya ma ta tafi haka ba. Na ce masa ya tuna zazzaɓin. Ya ce, "Yalla, buɗe. Zazzaɓi ai tsohon abokina ne."

Na juya layar ta baya, na ɗauki basilla, na tsaya. Fatar iri ɗaya ce da sauran, yankan ma iri ɗaya, har ramukan tsohon ɗinki suna nan. Amma ɗinkin da ke jiki ba na baduku ba ne. Mu zare ɗaya muke ja daga farko zuwa ƙarshe. Wannan kuwa kowane ɗinki daban yake, an ƙulla shi an yanke, an matsa gaba an sake wani, a jere, tazararsu daidai. Na san irin wannan ɗinki. Akwai tabonsa a cikina tun da likita ya yi mini tiyata.

Na tambaye shi ko an taɓa gyara masa ita. Ya ce bai taɓa cire ta ba, ko a wanka. Sai ya yi tunani ya ce sai dai sau ɗaya, yana ƙarami, ya yi wani zazzaɓi da aka fid da rai. Mahaifiyarsa ta fita ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar da layar a ajiye a kan matashi kusa da kansa, igiyar ba ta tsinke ba, shi kuma gumi ya karyo masa. Ta mayar masa da ita, ba ta sake maganar ba sai da ya girma.

Na yanke ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Warin ya fi na kullum ƙarfi, har Ammi Bakur ya rufe hanci da rawaninsa. A ciki babu lamba, babu ƙyalle. Maɓalli ne guda ɗaya na tagulla, da zanen anga da kambi a kai, da ɗan guntun farin zare a ƙafarsa. A jikin fatar daga ciki akwai shatin abin da ya daɗe a wurin kafin maɓallin. Na sa gilashi, na kai ta hasken ƙofa, na juya ta ko'ina. Fatar ta motse, ba a gane tauraro ne ko da'ira.

Ammi Bakur ya ɗauki maɓallin ya jujjuya shi, ya ce ashe duk tsufansa maɓalli yake gadi. Ya ajiye shi tare da sauran, ya tafi da fatar kawai. Bai yi zazzaɓi ba.

Na je Ammariyya na gaya wa Hajiya. Tana kwance yanzu, ba ta fita. Na tambaye ta ko Hakim ya bar wa Tanko riga. Ta ce ba ta taɓa ji ba, lambobi kawai aka ce. Na karanta mata sunayen biyu yadda Usman ya koya mini furta su. Ta sa na maimaita, tana motsa baki tana bi. Sannan ta ce, "Tayyib. Wanne?"

Na ce ban sani ba, Hajiya.

Ta ce in ci gaba da nema, tana nan tukuna. Duk Juma'a takan aiko a tambaye ni. Na sami wani malami da ke karanta tsohon rubutun, ya duba shafukan, ya tsaya daidai inda Usman ya tsaya. Lambobi biyar da maɓalli ɗaya suna cikin akwati a ƙarƙashin teburina, kuma da azahar yanzu nakan fitar da kujerata waje. Har yau ban san wanne ne a cikin mutanen biyu ba, kuma ban mayar da kayan ba.